Hararar Kumbo Mai Nono

Abubuwa da yawa na aikin jinya sun zube mini tun da na yi ritaya, amma ban taɓa mantawa da safiyar da wata Bafulatana ta zage ni tas a gaban likita ba, ni kuwa ina ta murna kamar an yi mini albishir. Ku da kuke aikin yanzu kuna yawan tambayata yadda muka yi da marasa lafiya a shekarun da kantar magani ta zama fayau. To ga ɗaya daga ciki.

A tsakiyar shekarun tamanin ne, yunwar nan da ta biyo bayan fari ba ta gama sakin mutane ba. Ina aiki a sashen ganin marasa lafiya na waje, a wani asibitin gwamnati a nan Tamale. Matsayina staf nas, wato na wuce ƙananan ma'aikatan jinya amma ban kai babbar sista mai riƙe da sashe ba, ko da yake a bakin marasa lafiya duk mai farar riga Sista ce. Aikina in auna zafin jiki da bugun jini, in ji koken mutum a taƙaice, in shigar da shi wurin likita, sa'an nan in tsaya in yi tafinta. Abokan aikinmu da dama sun tsallaka ƙasashen waje neman abin kai wa baki. Mu da muka rage muna da gado, da ma'aunin jini guda ɗaya da muke aron juna, da hannuwanmu.

Likitan da nake aiki da shi sunansa Dokta Boateng, mutumin kudu ne, dogo, mai sanyin magana. Ya koyi Hausa a bakin 'yan kasuwa, saboda haka mace da namiji duk "shi" ne a wurinsa. Amma wajen duba mara lafiya ban ga mai haƙurinsa ba.

Ranar mata biyu suka shigo tare. Ta gaba babbar mace ce, Badagomba, ta yafa mayafi mai nauyi, ta gaishe ni da gaisuwar safe ta yarensu, "Dasiba," na amsa da "Naa." Na san ta, duk mai sayen fura a unguwar Sabonjida ya san Magajiya Azara, shugabar mata masu nono da fura. Ta bayanta siririya ce, ta sunkuyar da kai tana taka ƙasa a hankali kamar mai tsoron ta fasa wani abu. Ita ce Kumbo, Bafulatanar da nake ba ku labari.

Magajiya ba ta yi wani kwana-kwana ba. "Sista," ta ce, "matar nan ta faɗi a layinmu. An ɗago mata ƙwarya za ta ɗauka, sai ta zube, nono ya malale. Na tallabe ta da hannuna, na ga idonta yana rawa. Mata sun ce farfaɗiya ce. Tun ranar ko ludayi ɗaya ba a saya a wurinta ba, mu ma na kusa da ita an fara ƙyamar namu. Ni ba zan kori mai 'ya'ya a wannan yunwa a kan ji-ta-ji-ta ba. Kuma ba zan bar layi duka ya mutu saboda mutum ɗaya ba. Shi ya sa na ce mu zo in ji da kunnena."

Sai na fahimci nauyin abin. Mutanenmu sun ɗauka farfaɗiya ana kamuwa da ita ta miyau ko ta ƙwaryar sha, alhali ba haka ba ne ko kaɗan. Su Kumbo kuwa suna zaune ne a ruga can bayan unguwar Kukuo, shanun da mijinta yake kiwo na mutanen gari ne, ladansa shi ne nonon. In an daina sayen nonon, tukunya ba za ta hau murhu ba a gidan.

Na tambayi Kumbo abin da ke damunta. Ta ce, "Lafiya lau." Na sake tambaya, ta ce, "Ɗan jiri ne, ba komai." Wanda ya san Fulani ya san wannan. A wurinsu kuka da ciwo abin kunya ne, kallon baƙo cikin ido kuma rashin tarbiyya. A raina na ce yunwa ce ko ƙarancin jini, don a lokacin rabin masu zuwa da jiri abin da ke damunsu ke nan. Amma na auna jininta daidai yake, na ja fatar idonta na ga ja sosai.

Dokta Boateng ya zauna ya yi ta jan zaren magana, ni ina juyawa. Da ƙyar, kalma ɗaya ɗaya, labarin ya fito. Ba duhu take gani ba, duniya ce take juya mata kamar an ɗora ta a kan faifai ana wulwulawa. Ba ya zuwa in tana zaune shiru ko tana tafiya. Yana zuwa ne in ta juya a kan gado ta dama, ko ta sunkuya tatsa, ko ta yi sujada, ko ta ɗaga kai za a ɗora mata kaya. Kuma ba ya daɗewa, kafin a karanta Fatiha biyu ya wuce, sai tashin zuciya ya rage. Ya tambaya ko ta taɓa cizon harshe, ko fitsari ya kuɓuce mata, ko ta farka ba ta san inda take ba. Ta girgiza kai a hankali. Ya tambaya ko ta bugu a ka. Sai ta ce wata saniya mai sabon ɗa ta make ta da ƙaho a bayan kunne, kafin abin ya fara da 'yan kwanaki.

Ya kara agogonsa a kunnuwanta ɗaya bayan ɗaya, tana jin bugunsa. Ya sa ta yi tafiya zuwa ƙofa ta dawo, ya sa ta taɓa hancinta da yatsa. Duk lafiya. Sai ya juyo ya yi mini bayani da Turanci, na kuma ji daɗi da ya yi, don daga ranar na riƙe shi. Ya ce can cikin kunne akwai wasu 'yan bututu masu ruwa, su ne ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko kai ya juya. Kusa da su akwai wasu ƙananan ƙwayoyi kamar yashi. In bugu ko tsufa ya sa yashin ya ɓalle ya faɗa inda ba wurinsa ba, to duk lokacin da aka karkata kai ta wannan gefen, kunne sai ya aika da labarin ƙarya cewa ana juyawa. Ido kuma yana bin umarnin kunne, shi ya sa yake rawa.

"Amma sai na gani da idona," ya ce. "Irin rawar ita ce shaida. In ta ɗan jinkirta kafin ta fara, idon ya riƙa murɗawa zuwa kunnen da ke ƙasa, sa'an nan ta mutu da kanta, to kunne ne, babu tsoro. In ta fara nan take, tana bugawa ƙasa sak, ta ƙi tsayawa, to daga ƙwaƙwalwa ne, sai mu nemi hanyar kai ta babban asibitin Kumasi." Ni da shi duk mun san motar asibiti ta fi wata tana fake babu mai.

Gwajin ba shi da wuya. Ana zaunar da mutum a kan gado ƙafafu a miƙe, a juya kansa rabi zuwa gefe ɗaya, a kwantar da shi da baya da sauri har kan ya ɗan rataya a bakin gado, sai a tsura wa idonsa ido. Sharaɗi ɗaya ne, ido ya kasance a buɗe.

Dokta ya kama kan Kumbo da hannu biyu ya kwantar da ita ta dama. Jikinta ya sandare, ta damƙe bakin gado har jijiyoyin hannunta suka fito, ta runtse ido gam. "Faɗa masa ya buɗe ido!" in ji Dokta. Na faɗa da Hausa, Magajiya ta faɗa da ƙarfi, a banza. Namiji baƙo ya riƙe mata kai, fuskarsa a saman tata, ga ɗankwalinta ya zame. Ko wuƙa aka sa mata ba za ta buɗe ba. Da abin ya lafa muka tashe ta, Dokta ya tambaya ko ta ji jirin. Ta gyara ɗankwali ta ce, "Ba komai."

Magajiya ta tafa hannu. "To ni me zan gaya wa mata? Ban ga komai ba, ban ji komai ba."

Dokta bai yi fushi ba. Ya ce wannan ciwo in an tsokane shi a jere sai ya gaji ya ɓuya, saboda haka a bar ta ta huta, mu ga wasu, sa'an nan a sake. Amma ya ce mini a hankali in na biyun ma ya tafi haka, yau an tashi babu amsa. Na dubi Magajiya na san ba za ta sake barin kasuwarta ta zo gobe ba. Gaskiya hankalina ya tashi.

Na kai Kumbo bencin bayan labule na kawo mata ruwa. Ina miƙa mata sai wata abokiyar aikina ta leƙo ta ce, "Falmata, ara mini ma'aunin jini." Kumbo ta tsaya da kofin a hannu. Ta saci kallon kumatuna ta wutsiyar ido. Ni jikar fatake ce, kakana daga Borno ya biyo ayarin goro ya yada zango a unguwar Zogbeli, kuma kakata ba ta yarda an bar ni babu tsagar gidanmu ta Barebari ba. Sai na ji wannan mata da tun safe ba a jin muryarta ta ce ƙasa-ƙasa, "Ashe baiwata ce take ta ba ni umarni."

Ku yaran yanzu wataƙila ba ku san wannan ba. Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa tun na kakanni. Kowa yana cewa ɗayan bawansa ne, kowa yana da izinin ya zagi ɗayan, kuma wanda ya yi fushi shi ne ya faɗi. Inda akwai wannan wasa babu kunya. Na daɗe ban samu abokiyar wasa ba, sai na ji bakina ya buɗe da kansa.

Na ce, "Baiwar wa? Ke da aka tsinto kakanki a bayan saniya yana riƙe da wutsiya?"

Ta ce, "Gara wutsiyar saniya. Naki kakan da goro ƙwarya ɗaya muka sayar da shi, har yau muna nadamar tsadar da muka yi wa mai saye. Dubi fuska kamar kaza ta yi tono."

Ta faɗi haka tana kallona tsakiyar ido, ko ƙiftawa babu. Ita ta buɗe ƙofar wasan, ni dai shiga kawai na yi. Na je na gaya wa Dokta cewa in muna wannan wasa ba ta ɗauke ido daga kaina. Bai gane wasan sosai ba, ya tambaye ni sau biyu ko na tabbata ba faɗa muke yi ba. Sa'an nan ya ce to ni zan riƙe kan. Ya nuna mini a kan matashi yadda zan ɗora hannuwana da iyakar inda zan sauke. Shi zai tsaya ta bayan kafaɗata inda ba za ta lura da shi ba, Magajiya kuma ta tsaya ta gefe.

Muka fara da hagu. Na kwantar da ita ina ce mata Fulani ba su san gado ba sai kirgi, ita tana ce mini Barebari ba su san wanka ba sai turare. Idon yana nan tsaye, babu abin da ya motsa. Na tashe ta ta huta kaɗan. Na juya kanta dama, na ji wuyanta ya yi tauri, ta san abin da ke zuwa. Ina sauke ta na ga fatar idon ta fara rufewa. Sai na jefa mata baƙar maganar da na ajiye.

Na ce, "Ai duk Sabonjida an sani, nononki rabinsa ruwan rijiya ne."

Wayyo! Idon nan ya buɗe tar, ta watso mini harara. "Ni? Ni Kumbo in zuba ruwa a nono?" Daidai nan, bayan ɗan jinkiri kamar na numfashi biyu, abin ya zo. Na ga baƙin idonta yana fizga sama yana murɗawa zuwa kunnen dama da ke ƙasa, ya koma, ya sake murɗawa, da sauri da sauri. Ban taɓa ganin irinsa ba sai ranar. Ta damƙe hannuna har farcenta ya shiga, amma bakinta bai tsaya ba. "Riƙe ni da kyau, baiwar banza, ɗakinku yana juyawa! Ki tambayi Magajiya, shekara nawa tana sa ludayi a ƙwaryata? Kindirmona in kin kifa ƙwaryar ba ya zuba! Ku ne dai masu ha'inci, jikokin masu jiƙa goro!"

Rawar ta yi ƙarfi, ta fara raguwa, ta mutu tun minti bai cika ba. Da na tashe ta zaune sai rawar ta ɗan dawo ta ɗaya gefen, ta wuce. Dokta Boateng ya ce, "Kunnen dama ne," yana murmushi har haƙoransa na ciki.

Magajiya ta riƙe haɓa. Ta ce, "Wallahi idon nan na gani a kasuwa. Shi ne, babu ko tantama."

Dokta ya ce da Hausarsa, "Mma, ka taɓa ganin mai farfaɗiya yana cikin faɗuwa yana zagin mutum, yana ba da amsa daidai? Ka ga mu muka kira ciwon, ya zo, ya tafi. Hankalinsa bai je ko'ina ba." Ya ƙara da cewa ko da farfaɗiyar ce ma, ba a ɗaukarta a ƙwarya ko a ludayi, mai ita yana iya sayar da abinci kamar kowa. Magajiya ta ce, "Dokta, wannan na gani, gani kuwa ya kori ji. Wancan na biyun ka bar ni da shi tukuna, mata ba sa haɗiye loma biyu lokaci ɗaya." Na ji zafin maganar, har yau ina ji, don na san akwai masu farfaɗiyar gaske da ba wanda ya rako su. Amma ranar abin da muka iya ke nan.

Saura magani. Kumbo ta miƙo hannu tana jiran allura, don a wurin mutanenmu wanda bai sha allura ba bai ga likita ba. Dokta ya ce ko kantarmu cike take ba zai ba ta komai ba, ƙwayar jiri sai dai ta sa ta barci. Ku yanzu kuna da dabarar nan ta mirgina kan mutum daki-daki a mayar da yashin wurinsa a zama ɗaya. Mu lokacin ba ta iso mana ba. Abin da muke da shi motsa jiki ne. Ta zauna a bakin gado, ta ɗan juya fuska hagu, ta faɗa ta gefen dama da sauri, ta tsaya har jirin ya wuce, ta tashi zaune ta huta, sa'an nan ta yi haka ta ɗaya gefen. Ta maimaita 'yan sau, bayan asuba, bayan azahar da bayan isha'i, har sai ta kwana biyu ba ta ji komai ba. Kafin nan kada ta ɗauki kaya a ka, kada ta leƙa rijiya.

Ta ce, "Wato ni da kaina zan riƙa kiran abin da nake gudu?"

Na ce, "Ashe Fulani matsorata ne? Mu Barebari yaranmu ma suna yi."

Ta yi tsaki ta hau gadon ta yi a gabanmu, ta dama da ta hagu, tana salati tana zagina.

Bayan kamar mako uku, ran wata Asabar da ba ni da aiki, na bi ta layin masu nono. Na hango Kumbo a zaune a wurinta, ƙwaryarta ta kusa ƙarewa. Wata mai fura ta ba ni labari. Ta ce washegarin zuwansu asibiti Magajiya ta tara mata, ta sa Kumbo ta sha nono da ludayi, ta karɓi ludayin nan bai ko bushe ba ta ɗiba ta shanye, ta ba jikarta ma. 'Yar Kumbo ce ta riƙa kawo nonon har uwar ta warke. Masu saye ba su dawo rana ɗaya ba, wasu ma ba su dawo ba sam, amma yawanci sun dawo.

Kumbo ta gan ni ta ɗaga murya yadda duk layin zai ji. "Ga baiwata ta zo a kan kari. Zo ki ɗora mini kaya."

Ta jera ƙoren, ta rufe da faifai, ta naɗa gammo. Kun san mai ɗora kaya da wanda ake ɗora wa gaba da gaba suke tsayawa. Na kama gefe ɗaya ta kama ɗaya, muka ɗaga, ta tanƙwasa wuya ta ɗaga fuska sama, daidai motsin da ya kayar da ita a wannan wuri. Mata suka zuba mana ido. Ni kuwa idonta nake kallo, ina jiran jinkirin nan na numfashi biyu. Na jira, na ƙara jira. Baƙin idon yana nan a tsaye cak, ni yake kallo.

Ta ce, "Me kike nema a ciki? Ruwan rijiyar?"

Na sakar mata ƙwaryar. Karo na farko ke nan da Bafulatana ta kayar da ni a wasa. Ta juya ta kama hanyar Kukuo, ƙwarya a ka, hannuwanta biyu a sake.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, likita ya san ciwon tun kafin ya taɓa ta, littafi ma ya san shi. Amma shaidar tana cikin idon mara lafiya, kuma shi kaɗai yake da ikon buɗe shi. Tun daga ranar, kafin in ce wa mutum ya kwanta, sai na fara neman sanin wa yake jin kunya a ɗakin, wa kuma ba ya ji. Ni na yi sa'a kakata ta yi mini tsaga. Ku sai kowa ya nemi tasa hanyar.

Kumbo ta yi shekaru tana aiko mini da man shanu duk sallah, a ɗan kwano rufe da ganye. Ba ta taɓa cewa ta gode ba. Saƙon da ake kawo mini da shi kullum ɗaya ne, wai a ba baiwata ta shafa a fuska ko tonon kazar nan zai cike.